Wuta Biyu: Tarihin Lantarki da Murhu a Kudancin Kano

Bahaushe suna ɗaya ya raɗa musu. Wadda uwargida ke hurawa a ƙarƙashin tukunya wuta ce, wadda yara ke yi wa shewa idan ƙwai ya haska da daddare ita ma wuta ce. Mukan ce an kawo wuta, mukan ce an ɗauke wuta, mukan kuma aiki yarinya ta ɗebo wuta a maƙwabta, kuma babu wanda ya taɓa ruɗewa. Sai dai a yankinmu na kudancin Kano, daga Badafi ta ƙasar Kiru zuwa Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, tarihin waɗannan wuta biyu ya sha bamban. Ɗaya ta samu ma'aikatu da kasafin kuɗi da alkawarin 'yan takara a kowane zaɓe. Ɗayar an bar ta a hannun mata da yara, bisa duwatsu uku, kamar yadda kakanninmu suka gada.

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen waɗannan ƙananan hukumomi huɗu sun haura dubu 800, yau kuwa sun ƙaru ƙwarai. A ƙasarsu madatsar ruwa ta Tiga take, a ƙasarsu yawancin dajin Falgore yake, ta gefensu kuma manyan wayoyin lantarki suke bi daga Kaduna zuwa birnin Kano. Duk wanda ya duba taswira zai zaci nan ne aka fara wadata da haske da makamashin girki. Yadda aka yi ba haka lamarin yake ba, shi ne abin da muke so mu bi diddiginsa.

Kafin zuwan waya

Kafin Turawa su zo, dare a garuruwanmu na farin wata ne da aci-balbal. Ɗan kasko ne ake zuba wa man gyaɗa ko man kaɗanya, a murɗa auduga a yi lagwani. Da shi masaƙi yake ƙarasa aikinsa, da shi mai tuwon sayarwa take ganin kuɗinta a dandali. Almajirai kuwa kowa ya kawo kara ko ice a tara a tsangaya, a hura wuta a kewaye ta da alluna. Ashana ba ta zo ba tukuna, sai ƙyastu da ƙanƙara, shi ya sa ake rufe garwashi da toka ya kwana, gidan da wutarsu ta mutu su je maƙwabta da sakaina.

Abin girki kuwa gona ce take bayar da mafi yawansa. Bayan girbi akan tara karan dawa da na gero a jingine a bayan gida, da totuwar masara, da busasshen kashin shanu a rugage. Itace yana da dokarsa ko da ba a rubuta ba. Ɗorawa tana ba da kalwa, kaɗanya tana ba da mai, kuka tana ba da miya, tsamiya tana gyara kunu, gawo yana gyara gona, don haka ba a sare su sai dai a rage rassa. Marke ne abin nema wajen girki saboda daɗewar garwashinsa, ƙirya kuma ta maƙera ce, gawayinta ne ke narka ƙarfe.

Can a duwatsun Riruwai, a ƙasar Doguwa ta yau, mutane sun daɗe suna narka kuza da gawayi suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa tun kafin wani Bature ya san akwai ma'adini a wurin. Wato tun a wancan zamani dazukan kudu suna ciyar da sana'ar da amfaninta ke tafiya wani wuri. Mu riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Lantarkin farko da waɗanda aka kawo wa

A ƙarshen watan Janairu na 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, a farkon Fabrairu ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, bayan kwana biyu ta shiga Kano. A 1911 layin dogo ya iso Kano, ya ratsa ta Dangora. Kananzir da ashana da fitilar ƙwai sun biyo jirgin ƙasa da kantunan Turawa, suka fara korar aci-balbal daga gidajen masu hali.

Lantarki ya riga ya sauka a Legas tun 1896, don hasken gidan gwamna da titunan bakin ruwa. A Arewa kuwa kuza ce ta jawo shi. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya riƙa samar da wuta daga ƙarfin ruwan Kurra a tsaunukan Jos don injinan haƙar ma'adinai. Birnin Kano ya samu nasa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta yi babban aikin ruwan famfo da lantarki da kuɗin baitulmali. Ana jawo ruwa daga kogin Challawa, lantarki yana tura shi, ragowar wutar tana haska fada da asibiti da ofisoshi da unguwar Turawa. Kuɗin baitulmalin nan harajin talakawan ƙasar Kano ne gaba ɗaya, har da manoman Kiru da Bebeji da Tudun Wada. Sun biya, amma waya ba ta nufo su ba.

Abin da ya nufo su shi ne dokar daji. A shekarun 1940 aka keɓe dajin Kogin Kano a matsayin gandun daji, wanda a shekarun 1960 aka mayar da shi wurin adana namun daji da sunan Falgore, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,000. Malaman daji suka fara yawo, saran itace ya koma sai da takarda. Niyyar tana da kyau, domin daga wannan yanki Kogin Kano yake tattara ruwansa. Sai dai an hana mutum hanyar da ya sani ba tare da an nuna masa wata ba, kuma wannan shi ne salon da hukuma ta ci gaba da bi a kan murhu shekaru da dama bayan tafiyar Turawa.

Audu Bako da ruwan Tiga

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamna, ya riƙe har 1975. Mutum ne da ya yi imani da ruwa. A zamaninsa aka yi madatsar Bagauda a ƙasar Bebeji, sannan aka fara Tiga a 1971 aka gama a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel, dabbobi suna mutuwa, mutane suna kwararowa daga arewa. Tafkin Tiga ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178, yana iya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Dubban mutane aka tasa daga gidajensu da gonakinsu da kushewun iyayensu don ruwan ya samu wurin kwanciya.

Amfanin Tiga ba abin musu ba ne. Da ruwansa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam suka zama ƙasar shinkafa da tumatir da alkama, da shi birnin Kano yake sha, masunta kuma suka samu sana'a. Abin da ba a yi ba a lokacin shi ne dasa injinan samar da lantarki a bakin madatsar. Tunanin wancan zamani ya ta'allaƙa ne a kan manyan tashoshi na ƙasa baki ɗaya. An gama madatsar Kainji a 1968, a 1972 aka haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun Neja aka haifi NEPA, kuɗin man fetur kuma yana shigowa kamar ba zai ƙare ba. An ɗauka wuta za ta taso daga Kainji ta isa ko'ina. Ruwan Tiga ya yi ta gangarowa kusan shekara hamsin bai kunna ƙwai ko ɗaya ba.

Waya ta zo daga baya, sannu a hankali. Hukumar lantarkin karkara ta jiha ta riƙa kafa turaku, aikin ya yi ƙarfi a zamanin Gwamna Abubakar Rimi daga 1979, sannan gwamnatin Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986. Hedikwatocin ƙananan hukumomi da garuruwan bakin titi suka fara samu. Dattawanmu suna tuna ranar da aka kunna wuta a garinsu kamar yadda suke tuna shekarar fari ko ta wata babbar ambaliya. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata daka, mai walda ya daina zuwa birni, aka fara sayar da ƙanƙara da azumi.

Amma kafa turaku daban, wanzuwar wuta daban. Tsarin da aka gina yana jawo wuta daga ɗaruruwan kilomita, daga Kainji da Jebba da Shiroro zuwa Kaduna, daga nan zuwa babbar tashar Kumbotso, sannan a rarraba ta ƙananan tashoshi irin ta Kwanar Dangora. Idan wutar ta yi ƙaranci, wanda yake ƙarshen layi shi ake fara yankewa. Idan taransifoma ta ƙone a ƙauye, sau da yawa sai mutanen gari sun yi karo-karo kafin a gyara. Idan iskar farkon damina ta kayar da turaku, wani garin sai ya shekara yana kallon waya a ƙasa. Haka muka samu garuruwan da a takarda suna da lantarki, a zahiri kuwa tocila da janareta ne ke aiki.

Zamanin risho da komawa ga ice

A gefen murhu ma an taɓa ganin alamar sauyi. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, kananzir ya wadata kuma gwamnati tana tallafa wa farashinsa. Risho ya shiga kayan ɗakin amarya. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti a Bebeji ko Tudun Wada suna dafa shayi da shinkafa a risho, ko da tuwon gidan mutum ashirin yana nan a kan ice. A birnin Kano kuwa gidaje da yawa sun rage sayen itace.

Wannan bai ɗore ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, matatun mai suka riƙa tsayawa, layin kananzir ya zama abin yau da kullum. A shekarun 1990 ne aka ƙirƙiro murhun garin katako da jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha, sunan da shi kaɗai ya isa tarihi. An ci gaba da cewa farashin hukuma naira 50 ne lita har zuwa Janairun 2016 da aka janye tallafin, amma ɗan ƙauye ya daɗe bai ga kananzir a wannan farashi ba. Zuwa 2023 lita ta haura naira 1,000. Risho ya koma ƙarƙashin gado, birni ya koma ga ice da gawayi.

A nan akwai wani bincike da ya kamata mu sani. A shekarun 1980 wasu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole, sun bi diddigin itacen girkin Kano, aka buga sakamakon a 1990. Abin da aka zata shi ne za a tarar gonakin kewayen birni sun zama fili fetal. Sai suka tarar manoman kusa da birni suna riƙe da itatuwansu, suna rage rassa suna barin uwa, domin itacen gona yana da mai shi. Buƙatar birni da ta ƙaru kuwa manyan motoci ne suke cike ta daga dazuka masu nisa, musamman ta kudu. A da jaki ne yake kai ice birni ya dawo da taki, nisan da zai iya yi kaɗan ne. Da kwalta da mota suka zo, sai dajin da ba na kowa ba ya zama na mai gatari.

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta Tudun Wada ta ratsa Falgore ya ga tulin ice da buhunan gawayi a bakin titi suna jiran mota. Masu wannan sana'a 'yan'uwanmu ne, kuma rani ne da rashin abin yi suke tura su. Gawayi yana cin itace fiye da yadda ake zato, domin a irin ƙonawar da ake yi a rami, sai an ƙona ice mai nauyi ninki da yawa kafin a samu buhu guda. Idan marke da ƙirya suka ƙare, gatari yakan juya kan kaɗanya da ɗorawa, waɗanda kakanninmu ba sa taɓawa. Dajin da ke sama da Tiga kuma shi ne yake riƙe ƙasa. Idan ya tafi, ruwan sama zai kwaso yashi da laka ya zuba a tafkin, madatsar ta riƙa cikewa daga ƙasa. Ta wannan hanya wutar murhu take cin wutar lantarki tun kafin a samar da ita.

Megawat goma

A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ba da kwangilar samar da lantarki daga madatsun Tiga da Challawa. A watan Nuwamban shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, KEDCO ta karɓi Kano da Katsina da Jigawa. Aikin Tiga ya ɗauki shekara goma, sai a 2023, a ƙarshen mulkin Abdullahi Umar Ganduje, aka kai ga gwada injinan, masu ƙarfin megawat 10. Inda aka tsara wutar za ta tafi shi ne matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Idan muka tuna aikin En'e na shekarun 1930, za mu ga an maimaita tsari ɗaya bayan shekara casa'in: lantarki don tura ruwan birni da haska titunansa. Birni yana buƙatar ruwa, babu mai ja da wannan. Tambayar da ta rage ita ce rabon garuruwan da suka ba da ƙasarsu aka yi tafkin.

Ayyukan hasken rana ma da suka zo a wannan tsakani sun fi taruwa a birni da kewayensa: kasuwar Sabon Gari, Jami'ar Bayero a 2019, da tashar megawat 10 ta Kumbotso da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023. A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane ma'auni. Ɗan kasuwa inda zai mayar da kuɗinsa yake kai hajarsa, layin ƙauye mai tsawo da ƙarancin masu biya kuwa ba ya cikin wannan lissafi. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi kwanaki cikin duhu, birni ya ɗanɗana abin da ƙauye ya saba da shi.

Abin da ya canja dare a ƙauyukanmu cikin shekarun nan ya zo ne ta kasuwa, babu bikin buɗewa. Farashin farantan sola ya faɗi a duniya, sai ga su a kan rufin masallaci da shagon cajin waya da kemis, ga fitila mai caji a hannun ɗalibi, ga famfon sola a fadama yana maye gurbin injin fetur tun bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Wannan ci gaba ne na gaske. Iyakarsa ita ce ƙaramin faranti yana haska ɗaki ya caja waya, amma ba ya juya injin casar shinkafa, ba ya kuma tuƙa tuwo.

Hayaƙin da ba a ƙirga

Lissafi kaɗan zai nuna mana dalilin da ya sa lantarki ba zai kashe murhu nan kusa ba. Murhun lantarki guda yana cin kusan kilowat ɗaya da rabi. Da za a juya wutar Tiga gaba ɗaya zuwa girki, ba za ta ɗauki murhu 7,000 a lokaci guda ba, a yankin da gidajensa suka haura dubu ɗari. Don haka matsalar girki tana buƙatar maganinta na kanta.

Kuma matsala ce ta rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma sama da mutum biliyan 2 a duniya har yanzu da ice da gawayi da kara da makamantansu suke girki. Cututtukan da ake dangantawa da shi sun haɗa da ciwon huhu ga ƙananan yara, tari mai daɗewa, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da yanar ido. Mun san hoton ba sai an zana mana ba: madafi mai baƙin rufi, ɗanyen ice da damina, uwa tana fifita wuta idonta yana hawaye, jariri goye a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Da yake ba a rana ɗaya yake kisa ba, sai muka sa shi cikin abubuwan da aka saba. Ga kuma lokacin da yarinya take ɓatawa wajen neman kara da ice, wanda sau da yawa daga lokacin makaranta ake cire shi.

Gwamnatoci sun taɓa waiwayar lamarin. A ƙarshen 2014 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhun zamani 750,000 a raba wa matan karkara. Shirin ya ƙare cikin taƙaddama da shari'a, matan da aka yi don su ba su ga abin kirki ba. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wadatar makamashi mai tsafta ga kowa cikin muradun da ake son cimmawa zuwa 2030. A 2024 Najeriya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta, a watan Mayun shekarar kuma aka yi taro a Paris inda aka yi alkawarin dala biliyan 2.2 don girki mai tsafta a Afirka.

Gas shi ne abin da aka fi nunawa. Ya shiga garuruwanmu, ƙaramar tukunya mai murhu a ka ta zama kayan ɗakin amaryar yau kamar yadda risho ya zama jiya. Amma a ƙarshen 2024 cika tukunya mai kilo 12.5 ya haura naira 15,000, a shekarar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000, manomi kuwa ba shi da albashi. Tarihin risho yana gargaɗinmu cewa duk makamashin da farashinsa yake bin dala, ranar da naira ta faɗi uwargida za ta koma wa duwatsunta uku. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2020, mai tsawon kilomita 614, shi ma iskar da zai ɗauko ta masana'antu ce da tashoshin lantarki, daban take da wadda ake ɗurawa a tukunyar girki.

Akwai hanya ta tsakiya da ba ta da ƙyalli. Murhu mai rufaffen ciki, na ƙarfe ko na yumɓu, yana tattara zafi a gindin tukunya, ya rage cin ice ƙwarai. Irin wanda ake kira Save80, da wata ƙungiya ta Kaduna ta fara yaɗawa kuma yanzu ake ƙera shi a Kano, da 'yan ƙirare yake dafa abinci. Ba ya kawar da hayaƙi gaba ɗaya kamar gas, kuma kuɗin sayensa na farko yana yi wa talaka nauyi. Wasu irin murhunan kuma an ƙera su ne ba tare da an tambayi mai tuƙa tuwon gidan gandu ba, tukunyarta ba ta zama a kai, muciya tana kifar da shi. Murhun da bai iya da tuwo ba, a ƙasar Hausa ado ne.

Abin da tarihin ya nuna

Darasi na farko yana can Maraɗi. Daga shekarun 1980 manoman yankin suka koma barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓar rassa masu ƙarfi suna rage sauran, maimakon sassabe komai. Abin ya yi ƙarfi ne da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kai ba. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar ta wannan hanya, mata suna samun ice a gona. Wannan ya yi daidai da abin da malaman Bayero suka gani a kewayen Kano. Mu da ruwan samanmu ya fi na Maraɗi yawa, ba mu da hujjar kasawa.

Na biyu, doka ta canja. Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da tsara kasuwarta. A ƙarshen shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don ƙananan tashoshin sola da na'urorin gida a Najeriya, ƙasar da bankin ya ce mutum miliyan 85 ba su da lantarki. Ƙaramar tashar da za ta ciyar da gari guda, da injinan niƙa da casa da asibitin sha-ka-tafi, ba ta jiran Shiroro. Irin waɗannan ayyuka suna zuwa ne inda aka nema da takarda da ƙungiya da wakili mai bibiya. Uzurin cewa komai yana hannun Abuja ya ragu, kuma wannan ya shafi 'yan majalisarmu na Kiru da Bebeji da na Doguwa da Tudun Wada kai tsaye.

Na uku ya shafe mu a cikin gida. Shekara da shekaru idan ɗan takara ya zo, taransifoma muke roƙo, domin maza ne suke zama a gaban mai gari, su ne kuma suke tsara buƙatun. Da za a tambayi matan Badafi ko na Riruwai wace wuta ce ta fi cin lafiyarsu da lokacinsu, jerin buƙatun zai canja. Maigidan da ya iya sayen babur da waya zai iya buɗe taga a madafi, ya tanadi busasshen ice kafin damina, ya shiga adashin murhu mai rage hayaƙi. Ƙungiyoyin gari da suke karo-karon gyaran taransifoma za su iya yin irinsa don murhu da dashen itace.

Ƙasar nan ta ba da gawayin narka kuza, ta ba da harajin da aka haska birni, ta ba da gonakin da Tiga ta kwanta a kai, tana kuma ba da icen da ake dafa abincin Kano. Neman a ware wa garuruwan bakin tafkin wani kaso na wutar da ruwansu yake samarwa, da neman a sa murhu cikin kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi kamar yadda ake sa turaku da waya, haƙƙi ne da tarihi ya tabbatar. Shekarar 2030 da duniya ta ɗiba ta kusa, yaran da ake goye da su a madafi yau kuma su ne za su gaji abin da ya rage na Falgore.